Ziyarar ƙaramin gidan kimiyya da yara da manya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da malamai da masu rakiyar yara suka fi yi kafin su nufi ƙaramin gidan kimiyya. Lokacin buɗewa da batun tikiti sun bambanta daga wannan gida zuwa wancan, don haka sai a tambayi gidan da za a je. Abin da ke nan ya shafi ziyarar ce kanta, da yadda yaro da babba za su ci moriyarta tare.

Mene ne gidan kimiyya, kuma me ya raba shi da gidan tarihi?

A gidan tarihi, kaya suna cikin gilashi, an rubuta "kada a taɓa". A gidan kimiyya kuwa, yawancin kayan don a taɓa su aka yi su: a murɗa, a ja igiya, a hura iska, a leƙa ta rami, a ga abin da zai biyo baya. Tunanin ya daɗe. A 1903 wani injiniya mai suna Oskar von Miller ya kafa Deutsches Museum a birnin Munik na ƙasar Jamus, inda aka riƙa ajiye na'urorin da mai ziyara zai danna su motsa a gabansa. A 1931 gidan kimiyya na Landan ya buɗe sashe na musamman domin yara. Sai a 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Faransisko ta Amurka, ya bar wurin da ake ƙera na'urorin a fili, kowa yana ganin masu aiki suna yanka katako suna haɗa wayoyi. Ƙananan gidaje da yawa a duniya daga can suka kwaikwayi na'urorinsu. Shi ya sa za ku ga iri ɗaya a ƙasashen da suke nesa da juna.

Gidan da za mu je ƙarami ne, ɗaki biyu ko uku kawai. Ya cancanci a ɓata masa rana?

Ƙwarai kuwa. Ni na fi son ƙaramin gida ga iyali mai ƙananan yara. A babban gida mai hawa-hawa, rabin ƙarfin mutum yana tafiya ne wajen neman hanya da ƙirga yara, sannan ana jin dole a ga komai tunda an zo. A ƙarami babba yana iya tsayawa wuri ɗaya ya hango yaransa duka. Yaro yana iya barin na'ura, ya zagaya, ya dawo mata sau uku, kuma wannan dawowar ita ce inda fahimta take shiga. Ma'aikatan ma sun fi samun sarari su tsaya su yi magana da ku, wani lokaci ma wanda ya ƙera na'urar da hannunsa ne yake tsaye kusa da ita.

Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a kai shi?

Babu iyaka tsayayya. Ɗan shekara biyu ko uku zai ji daɗin ruwa, yashi, inuwa, madubi da ƙwallon da ke gangarowa. Ba zai fahimci bayani ba, kuma ba a buƙatar ya fahimta. Daga shekara biyar zuwa goma sha biyu ne aka fi cin riba, domin a nan yaro yake iya hasashe, ya gwada, ya ga ko hasashensa ya yi daidai. Matasa kan nuna kamar sun girme wa wurin, amma a bar su su kaɗai kusa da abin da ke da wuyar warwarewa, za a ga sun zauna.

Awa nawa za mu ware?

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa ga yawancin iyalai, da ɗan hutu a tsakiya. Gajiyar da ke kama mutum a irin waɗannan wurare sananniya ce. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan adana kayan fasaha a Boston, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta, ya nuna yadda durƙuso da miƙa wuya da doguwar tsayuwa ke cinye hankalin mai kallo. Ku tafi tun yara suna son ƙari. Idan aka jira sai an fara kuka da jan hannu, abin da zai zauna a ransu ke nan.

Ni babba ne, na zo rakiya kawai. Me zan yi banda tsaron yara?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Abin da ya fi ɓata ziyara shi ne manya su jingina da bango, jaka a hannu, ido a waya, suna jiran yara su gama. Yaro yana lura. Idan ya ga mahaifinsa ko malamarsa ba su damu da abin ba, zai ɗauka wasan yara ne kawai, ya danna ya wuce. Amma idan ya ga babba ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya gwada, ya yi mamaki da gaske, to ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba: cewa tambaya ba ta ƙarewa da girma.

Ga wata hanya mai sauƙi da na ga tana aiki a kusan kowace na'ura. Kafin a taɓa komai, kowa ya faɗi abin da yake zaton zai faru, har da manya. Sannan a gwada. Sannan a sauya abu ɗaya tak, a sake gwadawa. Ɗauki misalin ƙarfe mai nauyi da aka rataya a igiya yana lilo. A tambayi kowa: idan aka sa wanda ya fi nauyi, zai fi sauri ko zai rage? Manya da yawa za su ce mai nauyi zai fi sauri. A gwada, za a ga lokacin zuwa da dawowarsu kusan ɗaya ne. Sai a rage tsawon igiyar, nan take lilon ya ƙara sauri. Igiya mai tsawon mita 1 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 ta je ta dawo, ko ƙarfen ƙarami ne ko babba. Yaron da ya ga hasashen kawunsa ya kauce, nasa kuma ya dace, ba zai manta da wannan igiya ba.

Kada kuma ku yi gaggawar karanta wa yaro allon bayani tun bai taɓa na'urar ba. Amsa kafin tambaya ba ta kama zuciya.

Ban yi karatun kimiyya ba. Idan yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba fa?

Ku ce, "Ban sani ba, zo mu gwada mu gani." Ko ku je tare ku tambayi ma'aikacin wurin, amma a bar yaron ya yi tambayar da bakinsa. Abin gudu shi ne ƙirƙiro amsa don kada a ji kunya, domin yaro yana riƙe maganar babba shekara da shekaru.

Akwai wata na'ura mai ƙaton ƙwallon ƙarfe da ke sa gashi ya miƙe. Ba ta da haɗari?

Sunanta na'urar Van de Graaff, daga sunan Robert Van de Graaff, wanda ya ƙera ta farko a 1929 a Amurka. A cikinta akwai bel na roba da ke juyawa yana kwasar cajin lantarki yana tara shi a kan ƙwallon. Wanda ya tsaya a kan abin da lantarki ba ya ratsawa ya ɗora hannu, cajin zai bazu a jikinsa har gashinsa. Da yake kowane silin gashi ya ɗauki caji iri ɗaya, kuma caji iri ɗaya ture juna yake yi, sai gashin ya watse ya miƙe. Ƙarfin yana kai dubban volt, amma adadin lantarkin da ke gudana kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa iyakar abin da ake ji ɗan tsinkau ne. Ta fi aiki idan iska ta bushe, ranar da ke da laima kuwa sai ta yi sanyi-sanyi. Mai kitso ko gajeren gashi ba zai ga canji a kansa ba, amma ana iya riƙe siraran takardu a ga suna rabuwa.

Duk da haka, wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko wata na'urar lantarki a cikin jiki, kada ya kusance ta, haka ma ƙwallon gilashin nan mai walƙiya a ciki da manyan maganaɗisu. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su sanar da ma'aikaci kafin su taɓa. A ajiye waya a nesa. Yaron da ya ji tsoro kada a tilasta masa. Ya kalli wasu tukuna.

Mun ga wani ƙarfe yana lilo a hankali daga rufi, babu abin dannawa. Mene ne amfaninsa?

Yara da yawa suna wuce shi, alhali yana cikin abubuwa mafi girma a gidan. A 1851 Bafaranshe Léon Foucault ya rataya ƙarfe mai nauyin kilo 28 a waya mai tsawon mita 67 a ginin Pantiyon da ke Faris, ya sake shi yana lilo. Da lokaci ya ja, mutane suka ga layin da yake bi yana karkata a hankali. Ba wanda ya tura shi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce take juyawa, da ginin da mutanen duka. A karon farko, jama'a suka ga juyawar duniya da idonsu a cikin ɗaki, ba tare da sun kalli sama ba.

Saurin karkatar ya danganta da inda ake a doron ƙasa. A ƙuryar arewa ko ta kudu ta duniya, layin yana kammala zagaye cikin kusan awa 24. A Faris yana karkata kimanin digiri 11 a awa, zagayen kuma ya ɗauki kusan awa 32. Yayin da ake matsowa layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu tsakanin arewa da kudu, abin yana ƙara jinkiri, a kan layin kansa kuwa ba ya karkata sam.

Wannan na'ura haƙuri take so, don haka ga dabara. Ku fara da ita da zarar kun shiga, yaro ya lura da alamar da ƙarfen yake nufa, ko sandar da yake dab da kayarwa idan an jera ƙananan sanduna a kewaye. Ku tafi ku zagaya. Kafin ku fita ku dawo, ku ga inda ya koma. Sai ku tambaye shi: wa ya matsa?

Wasu na'urori ne kuma bai kamata mu wuce ba?

Ƙwallon da ke tsaye a sama bisa iskar da bututu ke hurawa. A ɗan ture shi gefe, zai komo tsakiya, a karkata bututun kaɗan, zai ci gaba da rataya a iska bai faɗi ba. Yara ba sa gajiya da shi.

Sai manyan faranta biyu masu lanƙwasa da ke fuskantar juna daga nesa. Mutum ya yi raɗa a gaban ɗaya, wanda ke gaban ɗayan ya ji sarai, domin siffar farantin tana tattara sauti ta aika shi wuri guda. Wannan ya dace da kaka da jika: ɗaya a nan, ɗaya a can.

Idan akwai ma'aunin da ke nuna nauyin mutum a duniyar wata, kowa ya hau. Yaro mai kilo 30 zai ga 5, domin jan da wata ke yi kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa. Wasu gidajen suna da bututun gilashi da ake zuƙe iskar cikinsa, a saki gashin tsuntsu da ƙarfe su faɗo tare. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya yi wannan gwaji a kan wata da guduma da gashin tsuntsu, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya.

Madubin likita ma kada a raina shi. Ƙwayar gishiri, fiffiken ƙuda ko zaren rigar yaron kansa sun isa su riƙe shi minti goma.

Ɗakin taurari ya dace da ƙananan yara?

Ya danganta da yaron. Ɗaki ne mai rufi kamar ƙwarya a kife, ana kashe fitilu a haska hoton sama a jikinsa. Kamfanin Zeiss ne ya ƙera na'urar farko ta irin wannan a Jena ta Jamus a 1923, aka buɗe ta ga jama'a a Munik a 1925. Ƙananan gidaje yanzu kan yi amfani da tanti da ake hura wa iska, a shiga a zauna a ƙasa. Duhun yana da yawa, kuma a wasu wurare ba a barin wanda ya fita ya dawo, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, buɗe ƙofa kuwa yana ɓata wa kowa. Ku gaya wa yaro tun a waje cewa za a kashe wuta, ku zauna kusa da ƙofa, ku tambaya ko akwai gajeren shiri na ƙanana. Wanda jiri ke ɗiba idan hoton yana juyawa ya rufe ido na ɗan lokaci.

Abu ɗaya da za ku iya ba yaro ya shiga da shi: hasken rana yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso gare mu.

Ɗana gudu kawai yake yi daga wannan maɓalli zuwa wancan. Yana koyon wani abu kuwa?

Ku bar shi ya yi hakan na minti goma ko sha biyar na farko. Yana auna wurin ne, kuma ba zai natsu ba sai ya san abin da ke kowane lungu. Bayan nan ku tambaye shi wanne ya fi burge shi, ku koma can tare. Na'ura uku da aka zauna a kansu sun fi talatin da aka shafa aka wuce. Idan ya manne wa abu ɗaya har rabin awa, kada ku janye shi don "akwai saura". Abin da kuka zo nema ke nan yake faruwa. Sai dai idan wasu yara suna jira, a koya masa ya ba su wuri ya sake bin layi.

Yaranmu shekarunsu sun yi nisa da juna. Yaya za mu yi?

Idan manya biyu ne, a rabu, a sa lokaci da wurin haɗuwa. Idan babba ɗaya ne, a ba babban yaro aiki: ya gano yadda wata na'ura ke aiki, ya zo ya nuna wa ƙaninsa. Wanda ya yi bayani shi ya fi koyo. A kula kawai kada ya ƙwace na'urar daga hannun ƙaramin.

Ga ɗalibai masu yawa, rukuni na yara biyar ko shida da babba ɗaya ya fi dogon layi mai bin malami. Takardar tambayoyi mai shafi biyu tana mai da ziyara farautar amsa, yara suna kwafe alluna ba su taɓa komai ba. Tambaya ɗaya ko biyu sun wadatar.

Za mu iya zuwa da dattijo ko mai lalura?

Za ku iya, kuma yana da kyau a zo da su. Dattijon da ya yi aikin gini, ɗinki, tuƙi ko gyaran inji ya san sanda da igiya da ma'auni a hannunsa, sau da yawa fiye da wanda ya karanta su a littafi, kuma jikoki kan ga wannan a karon farko a irin wannan wuri. Ku tuntuɓi gidan tun kafin ranar: akwai matakala? Keken mai lalurar ƙafa zai shiga ko'ina? Akwai kujerun hutawa da banɗaki a kusa? Mai farfaɗiya ya tambaya ko akwai fitilu masu ƙiftawa. Yaron da hayaniya ke damunsa a kai shi lokacin da ba cunkoso; wasu gidajen suna ware sa'o'i na musamman da ake rage sauti da haske.

Wane lokaci ne ba cunkoso?

Da safe a ranakun makaranta motocin ɗalibai suke zuwa, ƙarshen mako da hutu kuma iyalai. Yawanci bayan tsakar rana a ranar aiki, ko daidai lokacin buɗewa a ƙarshen mako, an fi samun sarari. Kiran waya ɗaya zai tabbatar muku.

Mun tarar da wasu na'urori sun lalace. Alamar sakaci ce?

Ba lallai ba. Abin da ɗaruruwan hannaye ke murɗawa kullum dole ya gaji, ƙananan gidaje kuma sau da yawa mai gyara ɗaya gare su, ko 'yan sa-kai. Ku sanar da ma'aikaci, domin wataƙila bai sani ba. Idan kuka dace ana gyara, ku nemi izini yara su leƙa ciki. Ganin bel da gilashi da wayoyi a buɗe yana nuna musu cewa mutum ne ya haɗa abin, kuma mutum zai iya gyara shi.

A ɗauki hoto?

Kaɗan, kuma ba a ɗakin taurari ba. Kada a ɗauki 'ya'yan wasu ba da izinin iyayensu ba. Idan yaro yana tsakiyar gwaji, kada a ce ya juyo ya yi murmushi.

Me za mu yi bayan mun koma gida?

Ku guji yi masa jarrabawa a hanya. Maimakon "me ka koya?", ku tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki, ku ma ku faɗi naku. Bayan kwana biyu ko uku sai a maimaita gwaji ɗaya da kayan da ke hannu. Igiya da makulli sun isa a sake gwajin lilo, a ƙirga zuwa da dawowa goma da agogo, a sauya tsawon igiyar.

Wanda na fi so shi ne ɗakin duhu. A sami kwali, a huda ƙaramin rami da allura a gefe ɗaya, a yanke taga a ɗaya gefen a manna farar takarda marar kauri. A fuskantar da ramin ga taga mai haske ko bishiyar da rana ta haska, a lulluɓe kai da kwalin da mayafi mai duhu ta ɓangaren takardar. Hoton zai bayyana a kife, sama a ƙasa, domin haske a miƙe yake tafiya: wanda ya fito daga saman bishiya yana ratsa ramin ya sauka a ƙasan takarda. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aiki a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir, inda ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne idan haske ya shigo ido daga abin da ake kallo. Ku gwada faɗaɗa ramin kaɗan: hoton zai ƙara haske amma ya rage fitowa sarai, sai a tambayi yaro dalili. A ja masa kunne sosai cewa ba a kallon rana kai tsaye, ko ta ramin kwali, ko ta gilashin ƙara girma, ko ta madubin hangen nesa, domin tana ƙona ido cikin ɗan lokaci kuma mutum ba ya jin zafi sa'ad da ɓarnar ke faruwa.